Gwadon da Ya Tona Mini Asiri

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mini da "ta zo mu ji ta" ko da a zuci ne, tunda wayar nan ba ta kawo mini muryoyinku. Amma ku gyara zama, don abin kunyar kaina zan kwance muku yau, kuma wanda ya yi dariya da yawa Allah ya kai shi shekaruna.

Sunana Aina'u. A ƙauyenmu da ke gabas da Minjibir kuwa, in ba ka ce Iya Mai Ƙuli ba, babu wanda zai nuna maka gidana. Shekarata hamsin da huɗu, jikokina bakwai, mai gidana ya rasu shekara biyar ke nan, Allah ya jiƙansa. Na ga wata can ta taɓe baki, wai yanzu tsohuwa ce za ta ba mu labarin soyayya? E, 'yar nan, ita ce. Kai ne ke furfura, zuciya ba ruwanta.

Abin ya faro ne daga ɗan farina. Kun san dai al'ada, ba na kama sunansa. Shekara talatin da shida ban taɓa kiransa da baki ba, ban taɓa zama na dube shi ido cikin ido mun yi hira ba. "Wancan" nake ce masa. Amma don kada ku ɓata a hanya, babban yatsa ai ba baki ba ne: Abdulkabir. To, na rubuta, kada a sake tambayata.

Wancan yana sayar da tayoyin mota a Kano, Allah ya buɗa masa, ya gina gida. Duk maganar da ke tsakanina da shi ta bakin autata take bi, Nana Hafsat, da ke aure a Bici. Ran nan da farkon damina ina tsaka da matsar mai, sai ga saƙon muryarta.

"Iya, ina wuni. Yaya ya ce a gaya miki ɗakinki ya kammala. Tayil ne har bango, ga fanka, ga banɗaki a ciki. Ya ce da an yanke dawa zai zo da mota. Zaman kaɗaicin nan ya isa, wai mutane har sun fara cewa ya yar da ke."

Na ajiye muciya, na zauna a kan turmi. Yaron kirki ne, ba ni da abin da zan ce ya yi mini. To amma akwai Malam Sha'aban.

Malam Sha'aban masaƙi ne, a gindin ceɗiyar bakin masallaci yake aikinsa. Dogo ne siriri, kullum cikin farar riga 'yar shara da hula ƙube da ta ga shekaru. Matarsa ta rasu shekara uku. Tun bara ya tsiri zuwa ƙofar zaurena kowace la'asar sayen ƙuli-ƙuli, alhali garin nan kaf an san haƙoransa na tauna sun daɗe da barin aiki. Ya saya, ya jefa aljihu, ya tsaya yana duban sama.

"Aina'u, da alama za a yi ruwa."

"Da alama, Malam."

"To. Allah ya sa mai albarka ne."

Shi ke nan fa, ya tafi. Da ya koyi tura saƙon murya sai na ce to, yanzu baki zai buɗe, tunda ba ido. Ga abin da yake turo mini, ban ƙara ban rage ba: "Salamu alaikum. Aina'u, an yi ruwa a wajenku?" Jama'a, tsakanin gidana da nasa bai kai taku ɗari biyu ba!

Na san abin da ke ransa, ya san na sani, amma nauyin baki ya hana shi. Ni kuwa da wane ido zan aika wa ɗan farina cewa ba zan tashi ba don ina jiran wani dattijo ya furta? Gara ƙasa ta tsage in shige. Lokaci kawai nake bukata. Sai na danna waya na ce, "Hafsatu, ki ce wa wancan ba zan samu tashi bana ba. Karatu nake."

"Karatun me kuma, Iya?"

Wallahi ban shirya amsa ba, bakina ne ya yi gaban kansa. "Kaɗi da saƙa. Wajen Yaya Kaltume."

Yaya Kaltume ita kaɗai ta rage a garinmu mai juya mazari da saƙar mata. Kuma, ba don wani abu ba fa, yayar Malam Sha'aban ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Amsa ba ta daɗe ba. Ɗan kasuwa ai ba a yi masa ciniki a duhu. Nana Hafsat ta turo tana danne dariya: "Yaya ya ce madalla, neman ilimi ba ya tsufa. Ya ce in ya zo da kaka ki nuna masa gwado guda, wanda ke kika kaɗa abawarsa kika saƙa da hannunki. In ya gani, ya yarda sana'a ce ta riƙe ki, zai bar ki. In babu, Iya, ya ce motar ba za ta koma babu ke ba."

Washegari na ɗaura atamfata mai ruwan goro, na yafa mayafi, na ɗauki kwalbar man gyaɗa na nufi gidan Yaya Kaltume. Na tarar da ita a bakin ɗaki a kan fatar akuya, 'yar tsohuwa kamar a hure ta, idonta ya yi rauni, kunne ma sai an ɗaga murya, amma bakin nan ko gezau.

"Ke Aina'u, a shekarunki? Da kina yarinya me kike yi?"

"Talla, Yaya. A gidanmu ba a kaɗi."

"Ya nuna. Mu ga hannun." Ta shafa tafina ta shinshina. "Mai. Je ki wanke da toka sau uku. Auduga ba ta shiri da maiƙo."

Muka yanka Talata da Juma'a, daga hantsi zuwa azahar, ni kaɗai, ladanta man gyaɗa da tsefe mata kai. Sati biyu ban taɓa mazari ba. Gurza kawai nake, ina murza ɗan ƙarfe a kan dutse ina fitar da angurya daga auduga, har kafaɗuna suka riƙa kuka. Daga nan shiɓa, ina kaɗa tsirkiyar ɗan baka a cikin audugar har ta tashi ta yi laushi, ta cika mini hanci da gira. Na fito tsakar gida fara fat, sai ga sallamar Malam, wai ya zo karɓar zare.

Ya dube ni, ya dubi sama. "Aina'u, sannu da aiki. Da alama..."

"Za a yi ruwa," in ji Yaya Kaltume. "Mun ji. Zaren da ka karɓa shekaranjiya har ka cinye shi? Ko miya kake yi da shi?"

Tun daga ranar bai fasa zuwa ba, Talata da Juma'a.

Ranar da aka ba ni mazari, na dangwali alli don kada yatsa ya zame, na miƙa hannu zan murza, sai ji na yi tau! a bayan hannuna.

"Da wane hannu?"

Na manta ban gaya muku ba, ni bahaguwa ce. An dake ni a kan cin tuwo har na koma dama, amma duk wani aiki na gaske da hagu nake yinsa.

"Ba a ɗakina ba," in ji ta. "Dama ke murza mazari, hagu ta riƙe auduga. Haka uwata ta koya mini, haka tata ta koya mata."

To, dama ta murza. Zaren ya fito nan kauri kamar igiyar guga, can siriri kamar gashin jariri, sai ɗis, ya tsinke. In ƙulla, ya tsinke. Mazarin ya kubce ya gangara ƙarƙashin gado, in bi shi da rarrafe, ni da jikoki bakwai. Yaya Kaltume ta shafa abin da na kaɗa ta ce, "Wannan ko akuya aka ɗaure da shi sai ta kai ƙara."

Wata rana da hantsi a gidana, ba kowa sai kaji, na ce bari dai in gwada. Na mayar da auduga dama, na murza da hagu. Jama'a, sai ga mazari yana juyi yana 'yar ƙara kamar ƙudan zuma, zare yana zubowa sumul. Na yi guɗa ni kaɗai. Daga ranar na raba aiki: a gaban malamata in yi ta tsinka zare da dama, a gida in kaɗa na kirki da hagu in kawo mata.

Ta kan shafa ta ce, "Ikon Allah. A gida gwana, a nan kamar an yi miki baki."

"Kwarjininki ne, Yaya."

"Uhm. Haka ne kuma."

Sai dai gwado ba hula ba ne, zare yake ci kamar rami. Ga matsar mai, ga gona. Aka cire gyaɗa, gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai, Nana Hafsat kuma kullum da saƙonta: hoton labule, hoton katifa, "Iya, kalar nan ta yi miki?" Malam kuwa yana nan a kan bakansa, sai dai da ruwa ya ɗauke ya koma tambayata ko an yi raɓa a wajenmu.

Saura sati uku wancan ya zo, Yaya Kaltume ta auna ƙwallayen abawata a hannu ta ce, "Wannan ɗaya bisa uku ne. Ba za ki kai ba."

Idona ya kawo ruwa. Sai ta jawo wani tsohon kwando daga bayan tukunya, cike da abawarta.

"Ungo. Auduga ba ta da suna a jiki."

"Yaya, ai ha'inci ne."

"Ke, rufe mini baki. Kina tsammani ban san abin da ya kawo ki ba? Idona ne ya mutu, ba hankalina ba. Shekara uku ina tuƙa wa ƙaton nan tuwo, na gaji. In kika tafi Kano wa zai karɓe ni?"

Na rufe fuska da mayafi. Amma na karɓa, Allah ya yafe mini.

Ita ta ɗaura mini zaren tsaye a masaƙarta da ke jingine da bango a ƙuryar ɗaki, inda ko da rana sai ka lalubi takalminka. Ta koya mini yadda ake buɗe tsakanin zaren, a zura abawa, a buga da katako ta zauna. Na zuba ƙwallayena da nata a kwando ɗaya, wanda hannuna ya faɗa a kai shi nake ɗauka. Fari ne duka, wa zai gane? Na saƙa rabi biyu, na haɗe su da allura. A cikin ɗakin nan, wallahi, gwado ya fito fari sol, ba abin da ya raba wani wuri da wani. Na naɗe shi na bar shi a nan.

Ranar Asabar da hantsi mota ta tsaya. Na sa leshina ruwan toka na bikin Nana Hafsat, na ɗaura kallabi, na ɗan zizara kwalli, don ban san wa zai leƙo ba. Muka ɗunguma gidan Yaya Kaltume. Wancan ya sha shadda ruwan sararin sama, ya durƙusa ya gaida tsohuwa, aka shimfiɗa masa tabarma. Ni na zauna can gefe a bakin rumbu, na ba shi rabin baya kamar yadda na saba.

Ya ce, "Hafsat, ni taya na sani, ban san zane ba. A kira mana Baba Sha'aban ya duba."

Na ce wa kaina ai ba komai. Malam ya shigo da sallama. Nana Hafsat ta ɗauko gwado ta warware shi a kan igiyar shanya, rana ta doke shi ta gefe.

Inna lillahi. Ratsi-ratsi! Fari ne dai duka, amma wani wurin yana ɗaukar ido, wani ya yi duhu-duhu, layi bayan layi, tun daga sama har ƙasa, kamar an ja su da gangan.

"Kai, Iya, har da ado?" in ji Nana Hafsat.

Malam ya matsa. Ya shafa, ya kai ido kusa, ya ja bakin zare ɗaya ya warware shi a yatsa, ya ja wani. Ya daɗe. Ya ƙi duban inda nake. Mutumin da ke tsayawa sahun gaba ba zai yi ƙarya don ni ba, ni ma ban so ya yi ba.

"Baba, yaya?" in ji wancan.

"Saƙa dai ta yi. Hannu ɗaya ne ya saƙa, kuma sabon hannu ne." Ya yi gyaran murya. "Kaɗin ne na mutum biyu."

"Sha'aban!" in ji Yaya Kaltume.

"Yaya, ba ni na faɗa ba, rana ce. Zaren da aka murza da dama, murɗinsa gefe guda yake kwanciya. Wanda aka murza da hagu, ɗaya gefen. A inuwa ba ka raba su, amma in haske ya bugi zane, kowanne da yadda yake amsawa. Wannan mai yawan naki ne, shekara arba'in ina saƙa shi. Wannan kuwa kaɗin bahago ne."

Yaya Kaltume ba ta ji komai ba sai kalma ɗaya. Ta miƙe da sandarta. "Hagu? Aina'u, hagu? Wata huɗu ina shafa zaren hagu ina sa miki albarka? Kika ce kwarjinina ne!"

Nana Hafsat ta durƙushe tana riƙe ciki. Wancan bai yi dariya ba, ko da yake na ga gefen bakinsa yana rawa. Ya tashi ya auna ratsin da taƙi, tiryan-tiryan, kamar mai sayen fili.

"Ɗaya cikin uku," ya ce. "Hafsat, ki ce wa Iya ta yi ƙoƙari ƙwarai. Ki ce mata kuma magana magana ce. A je a fara haɗa kaya, ina so mu shiga gari kafin la'asar."

Dariyar Nana Hafsat ta ɗauke. Ni kuwa na dubi ƙasa, na ga shi ke nan, ni na yi alkawari, ni na karya. Na yunƙura zan tashi in je haɗa kaya.

"Abdulkabir," in ji Malam.

"Na'am, Baba."

Malam ya dubi sama. Na ce a raina, wallahi in ya ambaci ruwa a watan nan sai na jefe shi da mazari.

"Wato... shekara arba'in ina wannan sana'a, abawar hagu ba ta taɓa zuwa hannuna ba. Ka ga adon da ta yi, ba ganyen baba, ba rini. To, sai nake ganin... in ba takura... da an bar mana mai kaɗin a garin nan."

"Aiki za ka ɗauke ta, Baba?" in ji wancan, fuskarsa ba alamar wasa. Ɗan banza, ashe ya gane, so yake a faɗa masa sarai.

"A'a, ba aiki ba. Wato..."

Yaya Kaltume ta buga sanda a ƙasa. "Ka faɗa da Hausa, Sha'aban, kafin in mutu!"

Ya cire hula, ya share zufa, ya mayar. "Aurenta nake so."

Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Kafin ya rufe baki ina ƙuryar ɗaki bayan masaƙa, na ƙudundune cikin mayafi. Ina jiyo wancan yana cewa, "Baba, ai da ka faɗa tun bara da ba a wahalar da auduga ba. Ni ba ni ke ba da Iya ba, sai ku je Dawakin Tofa wajen Kawu Sama'ilu. Amma kafin nan, Hafsat, tambayo ta. Ba zan bar ta a kan zato ba."

Nana Hafsat ta leƙo. "Iya, kin ji. Me za a ce?"

Na yi shiru.

"Yaya, ta yi shiru. Ai shiru amsa ce," Nana Hafsat ta ce wa wancan.

"Ga budurwa ba," in ji Yaya Kaltume daga waje. "Wannan ta aurar da 'ya'ya huɗu. Sai ta faɗa da bakinta, kowa ya ji."

Ku duba mini wannan tsohuwa. Ramuwar hagu take yi. Ɗan farina yana zaune taku biyar daga ƙofa, motarsa tana jira, kuma ba wanda zai iya furta kalmar nan sai ni.

Na ce can ƙasa, "E."

"Me ta ce? Ni kunnena ba ya ji."

"Na ce e, Yaya."

"Wai me? Ta fi son Kano?"

Na yaye mayafi na ɗaga murya yadda nake kiran masu sayen ƙuli: "Na ce ina so!"

Sai na ji wancan ya fashe da dariya, irin wadda rabona da jinta tun yana ɗan makaranta, yana cewa, "To, Hafsat, ki ce wa Iya mun ji. Har Minjibir ma sun ji."

An ɗaura aure bayan sati biyar a Dawakin Tofa. Wancan ya koma Kano da motarsa cike da dawa da gyaɗa, ya kuma tafi da gwadon, wai shi aka yi wa. Ɗakin tayil ya zama na saukar baƙi, ni ma na kan je in kwana biyu in dawo. Nana Hafsat ta haifi namiji da bazara. Yaya Kaltume ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata, daga baya ta sauko, yanzu tare muke kaɗi a bakin ɗakinta, ita da dama ni da hagu, 'yan mata uku suna koyo a wajenmu. Malam Sha'aban yana saƙa zarenmu a gindin ceɗiya, ya yi ƙiba kaɗan. Ni kuwa ina ɗakina, lafiya lau, sai ciwon gwiwa.

Nan ta tsaya, ƙurunƙus.